Agogon Alhaji Ilu da Musun Kumbo

Na haura shekara talatin a bakin teburin gyaran agogo, kuma ranakun da na manta sun fi waɗanda nake tunawa yawa. Amma akwai wata Juma'a da har gobe ba za ta fita raina ba, ranar da musu a kan wani attajirin Amurka da ya hau kumbo ya zama sanadin da Alhaji Ilu bai rasa hannunsa na hagu ba. Tunda kun tambaye ni abin da ya fi tsaya mini a rai a sana'ar nan, ku da kuka fi sanin cikin salula, to ku gyara zama in ba ku shi daga farko.

Sai na fara yi muku bayanin agogo, in ba haka ba labarin ba zai shige ku ba. Agogon hannu iri uku ne ke zuwa teburina. Akwai mai pil, wato batir, wanda ni ban ɗauke shi a bakin komai ba: in ya tsaya a canza masa pil, in ya ƙi a jefar. Akwai na murzawa, wanda kowace safiya sai mai shi ya murza ɗan kan da ke gefe. Sannan akwai babbansu, wanda muke kira mai cin motsi. A bayansa akwai wani ƙarfe mai siffar rabin faifai da ke lilo. Duk sanda mai agogon ya motsa hannu, ƙarfen nan zai juya ya naɗe zaren ƙarfen da ke tafiyar da agogon. Muddin yana ɗaure a hannu ana kai da kawowa, ba ya tsayawa. In aka ajiye shi a kan tebur kuwa, kwana ɗaya ko biyu sai ya yi shiru.

A bayan rumfata, nan bakin hanyar tasha, muna da fada ta masu son agogo. Ba mu da yawa, kuma mutanen Matameye kallon marasa aikin yi suke mana, tunda yanzu kowa lokacinsa yana cikin aljihu. Al'adarmu ita ce kowace Juma'a bayan La'asar mu kunna rediyo, da an buga ƙarfe biyar kowa ya miƙo hannu a duba. Wanda agogonsa ya fi kauce wa lokaci a makon, shi zai dafa shayi, ko da shi ne babba a wurin. Muna da wata doka kuma da na gado daga maigidan da ya koya mini aiki a Kano: ba a faɗin aibin agogon mutum a gaban jama'a. Ko jabu ne, sai ka ja mai shi gefe, kana ɗaura masa abinsa kana faɗa masa a hankali.

Manyan fadar su biyu ne. Alhaji Ilu tsohon direban kamiyo ne, wato babbar motar ɗaukar kaya, ya yi Kano, ya yi Legas, ya yi Agadas, daga baya ya zauna gida yana sayen rake da wake daga yankin Ɗan Barto yana aikawa kudu. Mutum ne mai saurin faɗa da saurin dariya, kuma ba ya iya magana sai da hannu bibbiyu. Agogonsa mai cin motsi ne, tun yana saurayi ya saye shi, kuma tunda aka kafa fadar bai taɓa dafa mana shayi ba. Na biyun shi ne Mushe Sani (Mushe muke ce wa malamin boko), darektan lakwal, wato shugaban makaranta, da ya ajiye aiki. Shi da Alhaji tare suka tashi a unguwa ɗaya, kuma ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba.

Bayan Babbar Sallah ta shekarar, Alhaji ya zo mini da safe shi kaɗai, ya ce ya farka ya tarar agogonsa a tsaye. Na buɗe bayansa, na sa gilashin ido na duba, na wanke shi na sa masa mai. Ƙa'idar aikinmu ita ce ba ka mayar wa mutum irin wannan agogo sai ka ɗaura shi a naka hannun ka yi yini da shi, ka kwana, ka ga halinsa. Na ɗaura, ya yi ta tafiya lafiya lau, na mayar masa. Mako bai zagayo ba ya dawo, wai ya sake tsayawa. Na sake buɗewa, har na canza abin da ma bai nemi canji ba. A hannuna ko gezau. Juma'ar da ta biyo aka buga biyar a rediyo, agogon Alhaji yana kan sha ɗaya da wani abu. Ranar ya dafa shayi, da hannu ɗaya, shayin ya fito ba kumfa, muka yi ta yi masa tsiya cewa rashin sabo ne.

Bai ji daɗin tsiyar ba. Ya juyo gare ni a gaban kowa ya ce, "Habu, idonka ne ya mutu, ko hannunka ne ya fara rawa? Faɗa mini gaskiya in aika da shi Kano."

Maganar ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Ni da ake kawo mini agogo tun daga Magarya, a ce wai a kai Kano. Na haɗiye fushina na karɓi agogon na ɗaura a hannuna, na ce ya ba ni mako guda.

A cikin makon nan ne Ɗan Ladi ya dawo noma. Shi ma ɗan fadarmu ne, yana cin rani a Legas yana tallar agogo a bakin titi. Ya zo mana da hoto mai motsi a salularsa: wani hamshaƙin attajiri ya biya daga aljihunsa an ƙera kumbo, ya shiga shi da wasu, an cilla su sararin samaniya. Ga su nan suna shawagi a ciki, ƙafa sama kai ƙasa, ta taga ana hango duniya. Mu kuwa ba duniyar ce ta fara ɗaukar mana hankali ba. Ɗan Ladi ya tsayar da hoton ya jawo shi kusa, muka haɗa kai muna leƙen agogon da ke hannun mutumin.

Mushe Sani ne ya ɓata mana kallon. Ya ce, "Wannan ba ilimi ba ne, shan iska ne. Da gwamnatoci ke aika mutane, a ce bincike ake yi. Shi wannan ya ƙona dukiyar da za ta haƙa rijiya a kowane ƙauye daga nan har Yauri, don kawai ya yi reto ya sauko."

Alhaji ya ce, "Dukiyarka ce? Haraji aka karɓa wajenka? Mutum ya nemi abinshi, ya ce yana so ya ga ikon Allah daga sama. Kai da za a ba ka kujera kyauta, ko hula ba za ka tsaya ɗauka ba."

"Matan ƙauyen Tsauni suna jan guga har hannunsu ya yi kanta, Ilu."

"To agogunan nan da ka jera a akwati, me ya hana ka sai da su ka sa musu famfo? Agogon da muke ɗaurawa, da can abin wasan masu hali ne. Mota ma haka. Sai mai kuɗi ya fara abin da kake kira ɓarna, sannan ya sauko ya iso wajen irinmu. Labarin ruwan sama da kake kasa kunne kana ji kafin ka yi shuka, daga ina yake zuwa in ba daga can sama ba?"

"Wannan tauraron ɗan'adam ne, aiki yake yi. Shi mutuminka me ya aikata? Kuma wa ya ce maka komai yana saukowa? Na tsufa ina koyarwa a ajin zana, ina jiran abin ya sauko."

Haka suka yi ta yi kullum da yamma, fadar ta rabu biyu. Ni dai tsakiya nake. In Mushe ya ambaci rijiya sai in ji shi ke da gaskiya, don na san ƙauyen da mahaifiyata ta fito. In Alhaji ya yi magana kuma sai in tuna ɗan ƙarfen da nake ɗauka da matsefata, wanda ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta. Wanda ya fara ɓata shekarunsa a kansa, tabbas an ce masa ba shi da aikin yi. Amma gaskiya hankalina rabi yana kan agogon da ke hannuna, wanda yake ta tafiya kamar yana mini dariya.

Da Juma'a ta zo, musun ya karkata zuwa inda musun masu agogo ke ƙarewa. Alhaji ya ce ko ba komai an gwada agogo a inda ba a saba ba, wannan ma ƙaruwa ce. Ɗan Ladi ya ce in dai mai cin motsi ne, tsayawa zai yi, tunda can ba abin da ke da nauyi, ƙarfen bayan ba zai faɗo ya juya ba.

Mushe ya girgiza kai ya ce, "Ba nauyi kaɗai ke juya shi ba. In ka fizgi hannu, ƙarfen zai juya ko ina kake. A sama ne ko a ƙasa, agogon nan ba ya tsayawa sai in hannun ne ya tsaya."

Ya wuce ya ci gaba da maganar rijiyarsa, ni kuwa na tsaya a nan. Na dubi agogon da ke hannuna, na ɗaga kai na dubi mai shi. Alhaji yana ta kumfar baki, hannunsa na dama yana sama yana sara iska. Na hagun yana kwance a kan cinyarsa, a cikin babbar riga, kamar wani abu da aka ajiye aka manta. Mutumin da ba ya magana sai da hannu bibbiyu. Mu da muke duba wuyan hannun juna kowane mako, ba wanda ya taɓa kallon hannun. Agogon kawai muke gani.

Na jira har aka tashi alwalar Magariba, na ce, "Alhaji, shigo in ɗaura maka agogonka." Muka shiga rumfa. Na kama wuyan hannunsa na ɗaura, sannan na sa yatsuna biyu a tafinsa.

"Alhaji, matse."

"Wasan yara za mu yi?"

"Matse dai, don Allah."

Yatsun suka rufe a hankali, riƙon bai fi na jariri ba. Ya kawar da kai yana kallon bango.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun kafin Sallah. Na tashi da safe na ji shi kamar ba nawa ba. Yana motsi, ƙarfin ne babu. Sanyi ne, ina shafa mishi man zafi."

"Hajiya ta sani?"

"Ba wanda ya sani, kuma ba wanda zai sani. Mahaifina haka ya fara, Habu. Ka san yadda ya ƙare, a kwance, ana juya shi. In na je likita suka faɗa da bakinsu, to ya tabbata ke nan."

Ban taɓa ganin tsoro a fuskar mutumin nan ba sai ranar, kuma ya ba ni tausayi ƙwarai. Na ce masa agogonsa lafiyarsa ƙalau, ba inda zan ƙara taɓawa, hannun ne ba ya ba shi abin da zai ci. Ya ce ya ba ni amana. Na ce amanar agogo ina riƙewa, wannan kuwa ta fi ƙarfina, ni ba likita ba ne. Ya harare ni, don ban taɓa yi masa musu ba, ya kusa haifata. Amma na riga na fara.

Na ce, "Alhaji, mako guda kana kare mutumin can, kana cewa namiji ne, bai ji tsoro ba. Kafin a bar shi ya hau, sai da likitoci suka duba shi ciki da waje, bai ɓoye musu komai ba. Sannan ya zauna a kan abin da ke ci da wuta ya tafi sama. Kai Damagaram kawai za ka je, a kan kwalta, hanyar da ka fi kowa sani."

Ya yi wata 'yar dariya, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Kira mini Sani. In na faɗa wa wani kafin shi, har kabari zai bi ni da mita."

Mushe ya shigo da butarsa a hannu. Da ya ji, bai yi tsiya ba, bai yi wa'azi ba. Ya ajiye butar ya kama hannun ya jujjuya, ya ce, "Ilu, ban san wautarka ta kai haka ba. Gobe da safe zan zo in ɗauke ka, kuma yau ɗin nan za ka faɗa wa Hajiya, ko ni in faɗa mata."

Washegari suka je gidan likita na nan garin. Manjo, wato babban ma'aikacin jinya, ya auna shi ya ce tansiyonsa, wato jininsa, ya hau sosai, a wuce da shi Damagaram ba tare da ɓata lokaci ba. Can suka sa kansa a na'ura suka duba. Likita ya ce ƙaramin ciwon shanyewar jiki ne ya taɓa shi, kuma irin wannan gargaɗi ne, babban yana iya biyowa in aka yi sake. Ya ba shi maganin sha kullum, ya hana shi gishiri da yawa, ya ce hannun kuma zai iya dawowa, amma sai an sa shi aiki kowace rana, in aka bar shi a kwance zai sandare.

Magani dai Alhaji ya sha, don Hajiya ta tsaya a kansa. Motsa hannun ne ya ƙi. An ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce shi ba yaron goye ba ne, ya cusa ta ƙarƙashin gado. Ya dawo fada, ya faɗa wa mutane abin da ya same shi da bakinsa, amma hannun yana nan cikin riga. Ina kallo yana ƙara ramewa, yatsun sun fara lanƙwashewa.

Rannan muna zaune sai Mushe Sani ya gyara murya irin ta darektan lakwal, ya ce hayaniya ta yi yawa a fadar nan, kowa yana magana a kan maganar wani. Daga yau duk wanda zai yi magana sai ya ɗaga hannun da agogonsa yake, ya riƙe shi a sama har ya gama. Kowa ya gane, ba wanda ya nuna ya gane. Muka ce mun yarda. Sai Mushe ya ɗaga nasa ya ce, "To, mu koma kan ɓarnar da mutumin Ilu ya yi."

Alhaji ya cije. Ya yi shiru yini ɗaya, abin da ban taɓa gani ba. Kashegari Mushe ya ce ai ya ji ma attajiran nan gasa suke yi da juna, kamar yara masu tseren jaki. Nan haƙurin ya ƙare. Alhaji ya cilla hannun dama sama.

"Ba da wannan ba, Ilu. Doka ce."

Alhaji ya zage shi tas, sannan ya ɗago na hagun. Iyakarsa ƙirji, yana karkarwa, gumi yana tsattsafo masa a goshi. A haka ya ce, "Ko gasa ce, gara su yi gasar hawa sama da su yi gasar ƙera bindiga." Hannun ya faɗi. Mushe ya ce bai ji da kyau ba, ya maimaita.

Damina ta wuce muna haka. Mushe ya zama kullum yana manne da rediyo yana neman sabon abin da zai tsokane shi da shi: yau hayaƙin da kumbon ke zubarwa, gobe tarkacen da aka bari a sama, jibi wai masu kuɗi shirin gudu suke su bar mu da duniyar da suka ɓata. Kuma ya koma zama a hagun Alhaji, don in zai nuna shi da yatsa sai da wannan hannun. Daga ƙirji hannun ya kai kafaɗa, daga kafaɗa ya wuce kunne.

Wata rana muna mu biyu na tambayi Mushe, "Wai har yanzu kana ganin ɓarna ce?"

Ya ce, "Rabi da rabi. Rijiyar tana nan a raina, ba inda ta je. Amma da na ga na'urar da suka sa kan Ilu a ciki, na yi tunani. Ita ma wani ne ya fara zuba dukiya a kanta tun ba a san amfaninta ba. Kada ka faɗa mishi. Ranar da na yarda da shi, ranar hannun zai koma cikin riga."

Bayan an gama girbi, wata yamma musun ya yi zafi fiye da kullum. Mushe ya ce duk wanda ke yabon attajirin nan, kwaɗayi ne ke damunsa, jira yake a jefo masa wani abu daga sama. Wannan kuwa ta wuce tsokana, Alhaji ba ya son a haɗa shi da kwaɗayi. Ya miƙe tsaye ya caƙumi wuyan rigar Mushe ya jawo shi, har ɗinkin ya ɓarke. Muka taso za mu raba. Sai muka ga Mushe bai ko yi ƙoƙarin ƙwacewa ba, yana kallon hannun da ya riƙe shi, hawaye yana bin gemunsa.

Ya ce, "Habu, zo ka gani. Da hagu ya shaƙe ni."

Alhaji ya dubi hannunsa. Bai saki rigar ba sai da ya ƙara matse ta.

Hannun bai dawo duka ba. Ƙananan yatsun biyu har yau ba sa miƙewa sosai, kuma maganin zai yi ta sha har ƙarshen ransa. Amma yana cin abinci, yana alwala, yana sa rigarsa da kansa, babban ciwon da aka ji tsoro kuma Allah bai kawo shi ba. Maganar kumbo ba a gama ta ba, kuma ba na jin za a gama. Ni kaina in kun matsa mini ba zan iya ce muku wane ne ke da gaskiya ba.

Abin da na ɗauka a sana'a shi ne wannan. Kayan da aka kawo muku gyara, daga jikin mutum aka cire shi. In tsoho ya kawo salula ya ce ba ta ƙara, kuka duba kuka ga tana ƙara, kada ku ce rigima ce. Ku yi masa magana a hankali ku ga ko ya ji ku. In wata ta ce rubutun ya dushe, ku lura da yadda take kai shi kusa da ido. Ku ja mutum gefe, ku faɗa masa ba a gaban jama'a ba, amma ku faɗa. Ni yanzu duk wanda ya miƙo mini agogo, kafin in ɗauki turnabis, wato sukudireba, sai na fara gaisawa da shi, na riƙe hannun na ɗan jima.